Ku Gama Dariyar, Mu Kai Wa Inna Fure

Na san abin da za ku ce, don haka bari in hutar da ku in faɗa da bakina. Za ku ce rana ta taɓa ni. Za ku ce mutum da hankalinsa, a Nguru ko Gashuwa, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, inda sai an yi lissafi kafin a ce wa mai awo ya ƙara mudu guda, ya rasa shawarar da zai ba jama'a sai wai su tsinko furanni su ɗaure su kai wa iyayensu mata. Ga wani can a majalisar bakin tasha har ya gyara zama, ya turo hula gaba, yana jira in sauke numfashi ya jefo mini karin maganar da ko yaron goye ya haddace: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Na ji, Malam, Allah ya ƙara basira. To gobe da sassafe ka shiga gonarka ta kuɓewa da wake, duk furen da ka gani ka tsinke ka yar, tunda ƙarya ne. Sai mu haɗu da kaka mu ga da me za a kaɗa miya a gidanka.

Masu dariyar nan kashi-kashi ne. Akwai 'yan lissafi, waɗanda ko gaisuwa aka yi musu sai sun auna ribarta. Su cewa suke a ba tsohuwa kuɗin kawai ta sayi goro. Akwai masu hangen nesa, da ke cewa ƙarshen furen dai cikin akuya ne, to a miƙa wa akuyar kai tsaye mana a huta. Waɗannan ina girmama su, don sun san akuyar Gashuwa: dabbar da ke cin kwali da takardar jarrabawa ba za ta ga ɗanyen fure ta kau da kai ba. Sai masu ɗaure fuska, da suka ce al'adar Nasara ce, mu ba mu gada ba.

Ku na ƙarshen nan, albishirinku, kuna da farfesa. Wani Baturen Ingila, Jack Goody, malamin nazarin al'adu a Jami'ar Kambirij, wanda ya yi zaman bincike a arewacin Gana, ya fitar da littafi sukutum a 1993 mai suna The Culture of Flowers. Tun a farkonsa ya tsaya yana mamakin yadda mutanen Afirka kudu da Sahara ba su cika shuka fure don ado ba, ba sa kyauta da shi, ba sa kai shi wurin ibada, alhali a Indiya da Sin da Turai abin ya zama ruwan dare. Kun ga ke nan, ku da kuke gudun al'adar Nasara, bakinku ya zo ɗaya da na Nasaran.

Shi dai Baturen yana da uzuri. Ba muharrami ba ne, babu mai barinsa ya ɗaga labulen ɗakin Inna. Ku fa, da kuka yi rarrafe a cikinsa? Ku shiga yau ku buɗe ido. Atamfar da ta ɓoye a ƙasan adaka, wadda ba ta ɗaurawa sai suna ko Sallah, mene ne a jikinta? Kwanukan jeren da ta zo da su gidan ubanku, langa da kwalla da fanteka, waɗanda har yau in jika ya taɓa sai an jiyo muryarta daga zaure, wane zane ne a murafensu? Ranar da za a kai ƙanwarku ɗaki, awa nawa mai lalle ta yi tana zana mata reshe da fure daga yatsu har gwiwar hannu, kuma wa ya biya? Kai ɗin nan mai turo hula, kai ka biya. A kan talabijin ɗin falonka ma akwai wata fulawar roba da ta sha ƙurar hunturu shekara da shekaru, ba ka taɓa ce mata baƙuwa ba.

Mu leƙa madafa. Kanumfarin da take jefawa a kunu da shayi da yaji, wanda kuma ke shiga haɗin humra da turaren wuta da matan ƙasar nan suka yi suna a kai, tohon fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe aka shanya, aka yo jigilarsa daga Zanzibar ko Madagaska ko Indunusiya. Zoɓon da kuke shanye jarka guda da buɗa baki, ƙoƙon furen yakuwa ne. Dubagira furen aduwa ne. Wato mutumin da ya ci fure, ya sha fure, ya kwanta a kan zanen gado mai fure, aka turara masa riga da fure ya tafi Juma'a, shi ne yau ya riƙe ciki yana ƙyaƙyatawa don an ce ya ɗauki guda biyar a hannu.

Inda zan ba ku gaskiya, kuma cikakkiya, shi ne wajen littattafan ma'anar furanni da Turawa suka tsara. Wata matar jakadan Ingila a Istanbul, Mary Wortley Montagu, ta rubuta wasiƙa gida a 1718 tana ba da labarin yadda matan Turkiyya ke aika saƙo ba alƙalami: a ƙulle 'yan kayayyaki, kowanne da abin da yake nufi. A jerin da ta kawo akwai fure, gaskiya ne, amma akwai sabulu, akwai gawayi, akwai barkono da kanumfari da kirfa. Duk Bahaushen da ya kwance wannan ƙunshi zai ce cefane ne. Da abin ya isa Turai sai aka zubar da sabulun da gawayin aka riƙe furen kaɗai. A 1819 aka buga wani littafi a birnin Paris da sunan Charlotte de la Tour, ya jera furanni da ma'anoninsu, daga nan maɗaba'u a Faransa da Ingila da Amurka kowace ta fito da nata, ba tare da sun yi shawara da juna ba. Furen da wannan ya ce ƙauna ne, wancan ya ce kishi ne. Sai saurayi ya aika da yabo, budurwa ta buɗe nata littafin ta ga zagi.

Ni ban ce ku nemo waɗannan littattafai ba. Ban kuma ce ku yi odar jan wardi ba, irin wanda ake nomawa a bakin tafkin Naivasha na Kenya a loda a jirgin sama zuwa kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a Holan. Wannan ɗan gata ne, a ɗakin sanyi aka raine shi. In ka ɗauko shi daga Kano a motar haya, kafin Haɗeja ya sunkuyar da kai, kafin Birniwa an yi masa sutura. Ko ya iso da rai, Inna ba ta san shi ba, bai san ta ba, babu zancen da za su yi.

Wadda ma ta assasa Ranar Uwa a Amurka ba littafi ta buɗa ba. A watan Mayun 1908 Anna Jarvis ta aika da farin furen kaneshan guda 500 zuwa wata majami'a a garin Grafton don tunawa da mahaifiyarta, dalilinta kuwa shi ne furen da tsohuwar ke so ke nan. Shugaba Woodrow Wilson ya mai da ranar ta ƙasa a 1914, 'yan kasuwa suka ga banza ta faɗi, suka tsawwala farashi. Matar nan ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da su. Har kama ta aka yi a 1925 a Philadelphia, ta je ta hargitsa taron wasu mata masu sayar da furen don tara kuɗi. Ta rasu a 1948 ba ta da ko sisi. 'Yan lissafi, kar ku yi saurin yi mata tafi: cinikin ta tsana, furen kuwa ita ta fara kai shi.

Yanzu ku matso, don abin da ya sa na tsokano maganar nan bai cika zama na dariya ba. Mu mutane ne masu kunya, kuma kunyar tamu ta fi kauri a inda ƙauna ta fi yawa. Wane ne a cikinku, ƙato da gemu, ya taɓa durƙusawa gaban mahaifiyarsa ya dube ta ya ce yana ƙaunarta? Ku ɗaga hannu. Ban ga hannu ba. In ma ka gwada, za ta taɓa goshinka ta ji ko zazzaɓi ne, ko ta tambaye ka nawa kake nema. Ɗan fari kuwa nasa ya fi tsanani. Matar da ta yi naƙudarsa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi tafiyar shekara ya dawo iyakarta “an iso?” ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Shi ma ya ce “an same ku lafiya?” yana ƙirga zaren tabarma. Cikin kowannensu fal da magana, al'ada ta ɗaure bakin. Masu irin wannan hali sun fi kowa buƙatar abin da zai yi magana a madadinsu, kuma mun daɗe da sanin haka. In ba haka ba, me goro ke yi a neman aure, kuma don me ake tsamo fari a miƙa wa wanda ake ganin girmansa?

Abin da ya rage shi ne a zaɓi furen da Inna ta iya karantawa. A nan kuwa ta fi ku ilimi nesa ba kusa ba, don kowane tsiro na ƙasar nan ta san shi tun daga saiwa, ta san abin da ya yi mata da abin da ya yi wa gonar ubanta.

A fara da bado, tunda Allah ya ajiye mu a bakin ruwa. Tsakanin Nguru da Gashuwa, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai, fadama ce da duniya ta san da zamanta, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigin Marma ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Philip, ya taso takanas a 1989 ya zo Dagona kallon tsuntsaye. Ku kuwa da kuke kwana kuna tashi a wurin, in kun hangi dinya ko kirinjijiya, tunaninku bai wuce barkono da gishiri ba.

A kan wannan ruwa, bayan damina, bado ke shimfiɗa ganye ya fito da farin fure mai rawaya a tsakiya. Saiwarsa na cikin taɓo, amma ba ka ganin ɗigon laka a jikin furen. Da dare yake buɗewa, sa'ad da gari ya yi barci, ya rufe in rana ta ɗaga. Sannan tsofaffi sun san abin da ku 'yan zamanin taliyar leda ba ku sani ba: a shekarun da gero ya ƙi, 'ya'yan bado da saiwarsa sun riƙe gidaje har aka ga wata damina. To ka kai wa matar da ta raine ka cikin babu ba ta taɓa barin ka fita da dauɗa ba, wadda ke farke tana yi maka fifita lokacin da kowa ke minshari. Ba sai ka yi mata tafsiri ba. Sai dai kar ka tuɓe ka faɗa ruwan don nuna bajinta, ka kwaso tsargiya. Nemi masunci mai kwalekwale, ka ba shi na goro, ka jure dariyar da zai yi maka, don zai yi.

Sai gawo, itacen da ya saɓa wa kowa. Da damina, sa'ad da kowane tsiro ke taƙama da kore, shi sai ya kaɗe ganyensa ya ja gefe, geron da ke gindinsa ya samu rana ya samu taki. Manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi cika. In ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa suka fara zubar da nasu, sannan yake yin ganye, ya fitar da fure mai ruwan madara, ya yi inuwa, ya zubo wa dabbobi 'ya'ya a tsakiyar rani. Lokacin da kake da shi kowa naka ne, ita tana gefe ba ta tambayarka komai. Ranar da aka watse aka bar ka, inuwar wa ka koma? Reshe ɗaya ya isa. A kankare ƙayar tukuna, kar a je neman albarka a dawo da jini.

Zoɓo ne jan da zai haska damin furen. A yanko shi da karansa, bayan furen ya faɗi ƙoƙon ya kumbura ya yi jawur. Tsami gare shi, kuma duk wanda ya taɓa dawowa gida bayan magariba da ƙafa buɗu-buɗu ya san tsamin da nake nufi. Ga 'yan lissafi kuma, wannan jan abu da kuke rainawa ana ɗura shi a buhu, a bi da shi ta Maigatari da Kano, a loda a kwantena zuwa Meziko, inda su ma jiƙa shi suke su sha. Fure ne da ake biya da dala. Ku sake gaya mini ba ya 'ya'ya.

Lalle kowa ya san ganyensa, kaɗan ne suka taɓa sunkuyawa suka shinshina furensa. 'Yan ƙanana ne, fari-fari, a cure a kan reshe, amma ƙamshinsu da yamma yana tsallake katanga. A Indiya har turare ake tatsa daga gare su. Babu ranar farin ciki a rayuwar mace a ƙasar nan da lalle bai halarta ba, daga aurenta har sunan jikokinta, don haka sa shi a dami addu'a ce, Allah ya ƙaro ranakun ƙunshi. In tsohuwa na cikin takaba, sai a bar shi a bishiyarsa har ta fita.

Dogon yaro, wanda wasu ke ce wa darbejiya wasu maina, ganyensa ɗaci, furensa ƙamshi. Wanda aka taɓa lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar sirace yana ihu ya san wa wannan ke wakilta. Amma shi sai wajen ƙarshen hunturu zuwa bazara yake fure, ba zai haɗu da bado da zoɓo a dami ɗaya ba. Wannan ma ya isa ya nuna kalandar wasu ba za ta yi mana aiki ba. Amurkawa na yin tasu ranar a Lahadi ta biyu ta watan Mayu, ƙasashen Larabawa da yawa kuma ranar 21 ga Maris, tun da ɗan jaridar Masar Mustafa Amin ya kawo shawarar aka fara a 1956. A lokacin ne ƙasashensu ke fure. A watan Mayu a Nguru, in ka hangi abu ja a daji, leda ce ta maƙale a ƙaya. Namu lokacin kaka ne, daga Oktoba zuwa Disamba, ruwa bai janye ba, rumbu ya cika. A tsakiyar damin a soka zangarniyar gero biyu masu nauyi, don a san ba da yunwa aka zo ba.

Masu ɗaure fuska, na ga kun motsa da na ambaci ranaku. Ku kwantar da hankali, ban ce a ware wa uwa rana guda a shekara ba. Wannan muhawarar malamai ce. Wadda aka ambata sau uku a hadisi kafin a ambaci uba sau ɗaya ta fi ƙarfin rana guda. Amma kafin ku ce miƙa wa mutum tsiro mai ƙamshi baƙon abu ne, ku tambayi limaminku hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira a kan raihani, inda aka hana mayar da shi in an yi wa mutum kyautarsa, saboda rashin nauyinsa da daɗin ƙamshinsa. Ɗoɗɗoyar da ke tsirowa bayan randar gidanku danginsa ce. Ku tsinko ku ƙara.

Akwai kuma waɗanda ko da wasa kar su shiga, kuma abin haushi sun fi kowa kyau. Wuta-wuta, wanda wasu ke kira ƙuduji, ya yi layi a gonar gero da furensa ja-ja gwanin sha'awa, alhali a ƙarƙashin ƙasa ya kafa baki a saiwar geron yana tsotsa. Ka kai wa 'yar manoma wannan, ka gaya mata ko kai wane ne, musamman in ka shekara 35 kana cin tuwon gidan ba ka taɓa shigowa da ko gishiri ba. Zaƙami mai dogon farin fure, kowa ya ga aikinsa a kan samarin da suka sha shi a biki. In ka shigo da shi ka tabbatar da zargin da maƙwabta suka daɗe suna yi. Furen albasa, farin curin nan na fadamun rani, shi ma a bar shi, kar ka ba da shaida a kan kanka cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Kachala kuwa sai na tsaya. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa ta wuce ta canza hali, wasu magudanan suka daina bushewa da rani, ciyawar nan ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki masu sauka a gona su tashi da wahalar shekara. To wannan kan nata mai ruwan ƙasa, a Turai masu shagon furanni busar da shi suke su jera a tulun ado su sayar. Allah kuwa. Da za a samu hanyar tura musu, kowane gida a Holan ya sayi dami guda, da masunta sun yi mana addu'a. Amma a nan, wanda ya shiga gidan uwarsa da kachala a hannu yana murmushi, duk abin da muciya ta yi masa shi ya saya.

Haɗawar ba wuya. A yanka da asuba, da wuƙa mai kaifi, a tsoma gindin cikin bokitin ruwa nan take, a zage ganyen ƙasa. Gero da gawo a tsakiya, zoɓo ya kewaye su, lalle da ɗoɗɗoya a cusa a tsakani, bado a ƙarshe don wuyansa ba ƙarfi, in ya bar ruwa ba ya jimawa. A ɗaure da kaba, a naɗe gindin da jiƙaƙƙen tsumma, a isar kafin hantsi. Kuma a nemi izinin mai gona. Damin da aka haɗa da zoɓon sata, aka biyo ka har ƙofar gida ana kiran sunan ubanka, ma'anarsa ba ta cikin kowane littafi.

Ga kuma sharaɗin da na ajiye wa 'yan lissafi don su samu abin komawa gida da shi: dami ba ya tafiya shi kaɗai. Ku tuna ƙunshin matan Turkiyya da sabulunsa. A ƙarƙashin furen a samu turmin atamfa, ko ƙwaryar goro, ko 'yar shinkafar Gashuwa da bandar kifi, ko maganin hawan jinin da ya ƙare mata tun makon jiya ta ƙi faɗa. Wanda ya yi wata shida bai aiko da ko sisi ba, ya zo da ganye yana karanto ma'anoni, ni da kaina zan kwance masa akuyar. Sai dai kar ƙwazo ya yi yawa ku kwaikwayi 'yan birni masu nannaɗe sababbin takardun naira su yi fure da su. A 2023 Babban Bankin Nijeriya ya fito ya ce wannan wulaƙanta kuɗi ne, sashe na 21 na dokar bankin ta 2007 kuma ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.

Yanzu ga yadda za ta kaya, don kar ku ce ban gaya muku ba. Za ka sauka daga Keke Napep a bakin lungu, yaran unguwa su rufa maka baya. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa.

“Inna, an tashi lafiya?”

“Lafiya lau. Wannan kuma fa? Tunkiya ka saya?”

“A'a, naku ne. Na ce bari in kawo muku.”

Za ta dubi damin, ta dube ka, ta sake duban damin. “Ikon Allah. Kai dai har yau ba ka girma ba. Wa ya shiga ruwa ya ciro maka bado? Ka dai biya shi ko?” Za ta jawo reshen gawon ta juya shi, ta yi jim, don a gonar mahaifinta akwai wani babba a tsakiya, a gindinsa ake ajiye musu fura. Ba za ta gaya maka wannan ba. Jikarta za ta ƙwala wa kira: “Ke, ɗauko tsohon tulun nan ki zuba ruwa, ki sa a inuwa, ki kuma kore mini akuyar nan.” Sannan ta buɗe ledar atamfar, ta ce ka cika ɓarnar kuɗi, ta sa maka albarkar da ta fi ta kullum tsawo.

Sauran labarin ba a gabanka za a yi ba. Duk matar da ta shigo gidan ran nan, ko aron turmi ta zo, sai an nuna mata tulun. “Kin ga shirmen da yaron nan ya kwaso mini. Wai fure.” A faɗa wa ta farko, a faɗa wa ta biyu, a aika wata unguwa a kira aminiya don ita ma ta zo ta ga shirmen. A daren nan akwai ƙattin da iyayensu za su tambaya, cikin sanyin murya, ko su ba su san hanyar tafki ba ne. Bayan kwana biyu za ta warware damin da kanta: zoɓo ya tafi tukunya, lalle a shanya a daka, gero a ba kaji, kaba a ɗaure bakin buhu. Bado kaɗai zai tafi a banza, shi ma in an tambayi akuya ba za ta yarda ba.

Saura mu ga wa zai fara. Mutanen Nguru, kun kusa shekara ɗari kuna cika baki cewa tun 1930 a garinku layin dogo ya ƙare, komai sabo a tasharku yake sauka. To ga sabo ya sauka, ba ko kuɗin dako. Mutanen Gashuwa, ku kuma tun da aka ba ku jami'ar tarayya a 2013 kowa ya zama mai bincike. Ga bincike mai arha, ku gwada a kan tsohuwa guda ku kawo mana sakamako. 'Yan Jajimaji da ke tsakiya ku zama alƙalai. Fulanin bakin fadama ban sa da ku ba, don na san kafin Babarbare ya gama shawarar wane fure zai tsinka, shanunku sun riga sun yanke hukunci.

Na jiyo wani dattijo daga zaure yana gyaran murya, wai shi uba fa, ba a kawo masa komai? Baba, Allah ya ja kwana, ai an daɗe da gama wannan shari'ar, sau uku aka kira ta kafin a zo kanku. In an je kasuwa za a taho muku da batirin rediyo.